Shekarar da Aka Duba Hassana a Madadin Husaina

Babu wata hujja a faɗin ilmin halitta da ta kai turmin atamfa ƙarfi, idan aka raba shi biyu aka ɗaura wa mata biyu masu fuska ɗaya. Na faɗi haka ne a matsayin wanda ya koyar da ilmin halittu a sakandare har alli ya cinye masa farce, kuma wanda ya auri ɗaya daga cikin matan nan biyu. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa ni na kai innarku Husaina asibiti, ni na ceto ta da ilmin boko. Na sha jin ana faɗa a wurin suna da wurin ɗaurin aure, na sha sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, ban taɓa gyara maganar ba. Yanzu da gwiwoyina suka fara yi mini wa'azi, gara in gyara da hannuna kafin 'yar'uwarku Sa'adatu ta gyara bayan raina, don ita ba ta iya rangwame ba.

Mahaifiyarku Hassana da Husaina tagwaye ne, 'ya'yan masunta, an haife su a wata tunga ta bakin ruwa kusa da Wara a ƙasar Ngaski. Kakarku, wadda kowa ke kira Inna Uwar Biyu, ta rene su a kan doka ɗaya: ba a ba wa ɗaya abu a hana ɗaya. Da zan auri Hassana, duk zanen da na sa a lefe sai da na saya biyu, kuma ban sami mata biyu ba. Na kawo Hassana Yelwa ta zama matar malamin makaranta. Husaina ta auri masunci ta zauna a tunga, ta gaji bandar kifi daga Inna, da mijinta ya rasu kuma ta riƙe gidan da ita. Shekara talatin tana tsaye a kan hayaƙi, tana juya tarwaɗa da ƙarfasa a kan waya, har dillalan kifi na Yelwa suka san bandarta da ƙamshi kafin a kwance kwando. Duk da wannan nisa, kamar da suke yi da juna ba ta ragu ba, kuma sun mayar da ita sana'a. Idan aka yi rasuwa a Shanga Husaina ba ta da sarari, Hassana ta tafi ta yi gaisuwa sau biyu, sau ɗaya da mayafinta, sau ɗaya da na 'yar'uwarta. Hoton da ke jikin katin shaidar Husaina kuwa, kada ku tambaye ni wadda ta zauna aka ɗauka.

Shekarar da nake ba ku labari, na yi ritaya da wata goma sha ɗaya. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne. Malamin da ya yi wata goma sha ɗaya ba aji, duk wanda ya yi kuskuren yi masa tambaya ya shiga uku. Lokaci ne da ruwa ya ja baya kifi ya yi yawa, Husaina ta zo Yelwa ranar kasuwa, ta shiga ɗaki da Hassana suka daɗe. Da suka fito, mahaifiyarku ta durƙusa a gefen tabarmata, ta kalli bango, kamar yadda takan yi idan maganar ta jikin mace ce.

"Malam, Husaina ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo."

Husaina na tsaye bakin ƙofa, ba ta jira na buɗe baki ba.

"Kada ma ka fara, Malan. Ba ni zuwa asibiti. Wadda tat tahi daga tungarmu bara, yanke ta anka yi. Kuma in dillalai sunka ji Husaina na da daji, wa ka sayen kihin da tat taɓa? Ga kihi ya yi yawa, in bar banda ga wa?"

Mai hankali da sai ya ce mata ta ɗauko mayafi mu tafi. Ni kuwa sai na ga aji. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na ba su darasin da ban taɓa bayarwa da daɗi irin na ranar ba. Na ce jikin mutum an gina shi ne a kan rubutun da ya gada daga iyayensa, wanda muke kira ƙwayoyin gado. Na ce tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai ɗaya suka fito, saboda haka rubutunsu ɗaya ne, harafi da harafi. Na ce sankarar mama aba ce ta gado. Idan tana cikin rubutun Husaina, to tana cikin na Hassana, kuma shekarunsu ɗaya, ya kamata ta nuna. Saboda haka Hassana ta tafi a duba ta. Idan ba a ga kome ba, abin da ke jikin Husaina kumburi ne kawai, zai baje. Ina faɗa ina jin daɗin yadda kowace jumla ke hawa kan 'yar'uwarta. Husaina ta dube ni da wani irin girmamawa da ban taɓa samu a wurinta ba, ita da ta saba ce mini Malan Turanci. Ta ce, "Ashe karatun nan na da rana." Ban gane a lokacin ba cewa abin da take so ta ji na sa wa hula da babbar riga.

Hassana ta tafi asibiti da sunanta, ta ce tana jin wani abu a hagu. Nas ta duba ta da kyau, aka ɗauki hoto, aka ce lafiya lau take, aka ba ta takarda. Ba su yi kuskuren kome ba. Matar da aka kawo musu suka duba. Ni da kaina na shiga jirgi na kai takardar tunga, na tsaya a tsakar gida tsakanin tukwanen banda, na karanta da Turanci, sannan na fassara. Husaina ta yi guɗa. Inna na zaune a kan turmi tana fere ƙarfasa. Tsakanina da ita akwai kunyar surukuta, shekara da shekaru ba ta taɓa kallon idona ba, kuma ranar ma ba ta kalla ba. Kifin ta tambaya.

"Wa anka duba?"

Na ce, "Hassana, Inna."

"To wa ka ciwo?"

Na sake darasin, wannan karon a hankali, yadda ake yi wa ɗalibin da ya zo a makare. Ta saurara har na gama, wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Malan ya hi ni karatu. Amma ni na goya su. Tun suna zane ɗaya, wagga in ta sha fura ta kwana lahiya, wagga sai amai. Ban taɓa ba Hassana magani Husaina ta warke ba."

Na yi murmushi irin na mai ilmi a gaban tsohuwa. Ina roƙon Allah ya yafe mini wannan murmushi fiye da yadda nake roƙo a kan darasin.

Wata biyar suka wuce. Inna ta yi wa Husaina magana har ta gaji, amsar kullum ɗaya ce: Malan ya ce, kuma ga takarda. An naɗe takardar a leda an sa a ƙasan akwati, kamar laya. Da babbar Sallah ta zo, tsohuwar da ke cewa hayaniyar 'yan acaɓan Yelwa na sa ta jiri ta shiga jirgi ita kaɗai ta zo gidanmu. Ba Sallah ta kawo ta ba. Ta ji cewa Sa'adatu ta dawo hutu, ita da ke karatun digiri na biyu a fannin gwaje-gwajen asibiti. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san bayan la'asar ina zaune a gindin darbejiya, Sa'adatu ta kawo mini shayin da ban ce a kawo ba, ta zauna a ƙasa, ta ce tana so in taimaka mata da wata tambaya ta makaranta. Yarinyar nan ta san inda ake kama ni.

"Baba, idan ka raba wa ɗalibai biyu littafi iri ɗaya, bugu ɗaya, ka karɓa bayan shekara biyar, za ka same su iri ɗaya?"

Na ce ina! Ɗaya ya nannaɗe shafuka, ɗaya ya ja layi da jan biro, wani ma miya ta manne masa shafi biyu har ba sa buɗuwa.

"Amma rubutun bai canja ba?"

"Bai canja ba."

"To wanda shafinsa ya manne, zai iya karanta abin da ke ciki?"

Na ajiye kofin. Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa, tana wasa da bakin mayafi. Ta ce abin da suke karantawa ke nan, sunansa efijenetik. Rubutun gado na tagwaye ɗaya ne kamar yadda na ce, amma jiki yana ɗora wasu 'yan alamomi a kan rubutun, su ne ke cewa a karanta wannan shafi, a rufe wancan. Alamomin nan suna sauyawa da shekaru da irin rayuwar da mutum ya yi, shi ya sa tagwaye ke ƙara bambanta ta ciki suna girma, ko da fuska ba ta nuna ba. Akwai shafukan da aikinsu shi ne su ce wa ƙwayar jiki ta daina hayayyafa. Idan irin wannan shafi ya manne a wani lungu na nono, ƙwayoyin wurin sai su yi ta ƙaruwa ba mai tsawatarwa. Ta ƙara da cewa rubutun kansa ma yakan sami kuskure a jikin mutum ɗaya bayan haihuwa, kuma yawancin matan da ke samun wannan ciwo ba gadonsa suka yi ba.

Na nemi mafaka. Na ce to hayaƙin banda ne ya jawo?

"Ban sani ba, Baba. Babu wanda zai iya ce maka ga dalili a jikin mutum ɗaya. Ba mu ma san ko shi ne ba, sai an duba."

Na ce to ba sai a ɗebi jininta nan gida a karanta alamomin ba, ba sai ta je ko'ina ba?

"Abin da masu bincike ke ƙoƙarin kaiwa ke nan, a gane ciwon da wuri daga alamomin da ke cikin jini. Ina fata da ni za a kai. Amma yau abin da ke akwai shi ne hannun likita, da hoto, da ɗan naman da za a ciro a duba. Kuma Baba, naman Iya Husaina ake so."

Ba ta ce na yi kuskure ba. Ta ɗauki kofin ta tsaya tana jira, kuma na gane abin da take jira. Husaina ba za ta saurari Inna ba, ba za ta saurari yarinyar da ta yi wa wanka a kwarya ba. Maganata ce ta ɗaure ta, ni kaɗai zan kwance, kuma inda na ɗaura, a gaban waɗanda suka ji. Na yi kwana biyu ina neman wata hanya. Na tsara jawabin da zai nuna cewa ilmi ne ya ci gaba, ba ni na ɓata ba. Mahaifiyarku ta saurari jawabin tana tankaɗe, ta ce, "Malam, in ka faɗa mata haka, za ta ce a jira ya ƙara ci gaba."

Muka tafi tunga mu huɗu, ni da Hassana da Sa'adatu da Inna. A tsakar gidan nan, a gaban matan da ke taya Husaina banda, bayan Hassana ta yi dabarar kora wasu dillalai biyu bakin ruwa, na ce a ɗauko takardar. Na ce, "Husaina, takardar nan ta Hassana ce, ba ta ce kome a kanki ba. Abin da na gaya miki ba daidai ba ne. Ban sani ba, na yi kamar na sani." Ban taɓa faɗin jumla mai gajarta haka ba, kuma ban taɓa jin mai nauyinta ba.

Husaina ta ajiye sandar juya kifi. Sannan ta shiga ɗaki da Sa'adatu. Da suka fito na ga fuskar 'yata, na san ƙwallon dabino ya wuce dabino. Husaina kuwa ta koma kan wayar kifinta tana juyawa.

"Na ji. Amma banda fa? In na tahi mako biyu, dillalai sun watse, magana ta cika kasuwa."

Sai mahaifiyarku ta cire mayafinta na birni ta miƙa wa Sa'adatu, ta ciro tsohon zanen Husaina daga igiya ta ɗaura, ta karɓi sandar juya kifi daga hannunta.

"Wa ya ce Husaina za ta tafi? Ga ta nan tsaye. Hassana ce za ta Sakkwato ganin likita, kowa ya san matar Malam da son asibiti."

Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To, yanzu anka yi musanya inda ta ka amfani."

A babban asibiti a Sakkwato, da sunanta na gaskiya, aka duba Husaina, aka ɗauki hoto, aka ciri nama. Sankara ce, kuma ta fara taɓa hammata. Likitar, wata yarinya da ba ta fi Sa'adatu da yawa ba, ta tambayi yaushe aka fara ji. Husaina ta ce kwanan nan. Na ce wata shida, kuma na faɗi dalili. Likitar ta dube ni ta saman tabarau, ta tambayi aikina. Na so in ce noma. Ta ce da an zo a farko, wataƙila ƙullutun kaɗai za a cire, amma yanzu sai an cire nonon duka da abin da ke hammata, sannan a bi da magani. Ta ce wataƙila. Ba ta ƙara mini ba, ba ta kuma rage ba.

Abin da na gani a watannin da suka biyo baya shi ne dalilin da ya sa nake rubuta wannan babi da alwala. Matar da ta yi wata shida tana gudun wuƙa, da ta tsai da rai sai ta shiga ɗakin tiyata tana ba nas shawarar yadda ake gane bandar da aka yi wa algus. Maganin da ake ƙara mata ta jijiya ya zubar mata da gashi, ya hana ta cin abinci, ta rame har kunnuwanta suka yi girma, amma ban ji ta ce wayyo ba sai a kan kifin asibiti, wanda ta ce an ci zarafinsa. Ta zama shugabar ɗakin mata ba tare da zaɓe ba. Duk sabuwar da aka kawo tana kuka, Husaina za ta ja kujera ta buɗe mata ɗinkin, ta ce, "Duba, ɗiyata, wannan ne duka. Kin ga na mutu?" Ranar da na fara shiga gaishe ta bayan aiki, na tsaya ina neman kalmar da ta dace, ta riga ni.

"Malan Turanci, ka huta. Yanzu dai ba ka ƙara ruɗewa tsakanina da matarka."

A tunga kuwa mahaifiyarku, wadda ta yi shekara talatin rabonta da banda, ta yi wata bakwai a cikin hayaƙi, idanunta jawur, hannunta duk ƙuna, Inna na zaune a kan turmi tana ba ta umarni kamar 'yar shekara goma. Asirin bai kai mako uku ba. Wani tsohon dillali ya taya kwando da wulaƙanci, ta ce masa Allah ya ba da kasuwa, cikin ladabi. Ya ja da baya ya ce, "Wagga ba Husaina ba ce. Husaina da ta zagi kakana." Da ya ji gaskiyar magana bai watsa ba, bai kuma daina saye ba, shi ya riƙa kawo mana kifi Sakkwato a motar kaya, wai a kai wa maras lafiya ta ɗanɗana ta faɗi ko 'yar'uwarta ta iya. Kullum amsar ita ce gishiri ya yi yawa.

Husaina ta dawo, kuma kun san ta, tana nan tana zagin kakannin mutane. Amma hannunta na hagu ya kumbura tun daga aikin hammata, ba ya ɗaga kwando, ba ya jure zafin wuta. Banda ta koma hannun matar ɗanta. Takan zauna a gefe tana kallo, hannun a kan cinya, wani lokaci yatsunta na motsi kamar tana juya kifi. Ba ta taɓa ce mini kome a kan wata shidan nan ba. Ita ce ma ta fara yaɗa cewa Malan ne ya kai ta asibiti, kuma na daɗe ban gane ko yafiya ce ko hukunci ba. Inna ta rasu bayan shekara biyu, ba ta san ko harafi ɗaya ba, kuma ita kaɗai ce a gidan nan ta ci jarrabawar tun ranar farko. Sa'adatu na can tana bin alamominta a ɗakin gwaji. Ta ce aikin da saura, kuma duk macen da ta ji ƙullutu kada ta jira su.

Na daɗe ina rarrashin kaina da cewa wannan ilmi sabo ne, a zamaninmu ba a koya mana shi ba, mutum kuma ba a kama shi da laifin abin da bai zo ba tukuna. Da wannan na yi shekaru ina samun barci. Da na zo rubuta babin nan, na sa aka sauko mini da kwalin tsofaffin littattafan shirin darasina, don in kawo muku shaida. Na sami darasin tagwaye, na aji biyar, zango na biyu. A ƙasan shafin an rubuta cewa tagwaye masu kama ɗaya sukan bambanta a lafiya da cuta gwargwadon rayuwar da kowannensu ya yi, an ja layi biyu, an sa a gefe cewa yana fitowa a jarrabawa. Rubutun hannuna ne.